Watandar Motar Atu

"To, tayoyin baya fa?" in ji Malam Hussaini.

"Suna wurin Inno," Atu ya amsa.

"Inno bakanike ce?"

"A'a, tsohuwa ce, matar marigayi Rabe, can bayan rijiya. Tayoyin da ƙarfen da ke riƙe da su da bodin baya, duk ita ta ɗauka. An yi mata amalanke."

Malam Hussaini ya cire hula, ya sosa kai, ya mayar. Ma'aikacin kamfanin inshora ne, matashi mai sanyin murya, ya taso daga ofishinsu na Funtuwa a kan babur don ya duba motar da aka ce ta mutu a hatsari. Abin da ya tarar a gindin bishiyar ƙofar gidan Atu bai kai rabin mota ba. Kan a-kori-kura ne a murƙushe, inji ya shige ciki, an ɗora shi bisa duwatsu. Wata kaza ma ta samu wurin saka ƙwai a inda direba ke sa ƙafa.

"Kujera?"

"Tana ƙofar coci. Dattawa ke zama a kai kafin a shiga sujada."

"Batir?"

"Malamin makaranta. Rediyo yake ji da shi."

"Sifirin?"

"Wannan ni ne," in ji wani baƙin mutum da ke tsugune a gefe yana cin goro. Mudi maƙeri ke nan, taubashin Atu, ɗan ƙanwar mahaifinsa. "Ƙarfe ne na kirki, ranka ya daɗe. Garmar da na fitar daga jikinsa sai jikokin mai ita sun gaje ta. Shi kaɗai ne abin arziki a jikin motar ƙaton banzan nan."

Ba wanda ya yi dariya. Malam Hussaini ya dubi Atu da idon tausayi.

"Malam Atu, wa ya ce ka raba motar nan?"

Atu ya murza kafaɗarsa ta hagu wadda har yanzu ba ta daina tsami ba. Ya ce, "Ai ba wanda ya ce kar in raba."

A nan Unguwar Ɗorawa aka haifi Atu, ƙauyen da ke tafiyar hantsi daga Kafur. Mahaifinsa manomi ne da ya shiga coci tun zuwan 'yan mishan, ƙanwar mahaifin kuma ta auri Musulmi, shi ya sa gida ɗaya ake bikin Kirsimeti da na Sallah, tukunya kuwa ba ta san bambanci ba. Atu ya ɗan taɓa makaranta, daidai abin da zai karanta Littafi Mai Tsarki da allon kan hanya. Yana tasowa ya ce shi ba fartanya ba, sai mota. Ya bi wata gingimari mai jigilar auduga daga fuloti, inda ake sayenta a hannun manoma, zuwa gidan gurza na Funtuwa, ya yi shekaru yana wanke ta, yana ɗaura tamfol, yana kwana a ƙarƙashinta, kafin maigidansa ya yarda ya taɓa sitiyari. Daga nan ya zama direba, amma motar wani ce. Da safe ya karɓi mabuɗi, da yamma ya mayar, in taya ta fashe a yi masa kallon ɓarawo.

Matarsa Rahab ce ta fara cewa wannan ba rayuwa ba ce. Ta shiga kiwon awaki da suyar ƙosai, shi kuma ya koma noman auduga da damina, tuƙi da rani. Bayan an canza kuɗi zuwa naira auduga ta yi daraja shekaru a jere, suka haɗa abin da suka tara, ya je Zariya ya sayo Fijo a-kori-kura ta hannu. Ranar da ya shigo da ita ƙauye yara suka bi ta da gudu har ƙofar gida. Ya sa mai fenti ya rubuta a bayanta: Guntun Gatarinka.

Ita kaɗai ce mota a Unguwar Ɗorawa. Ita ke kai dawa da masara kasuwar Malumfashi, ta kai barkono Funtuwa, ta dawo da takin zamani da gishiri. Mai naƙuda in abu ya yi wuya, ita ce asibiti. Amarya ita, gawa ita, kuma Atu bai taɓa karɓar kuɗin gawa ba, ta ɗan coci ce ko ta Musulmi. Ba mai yawan magana ba ne, ba ya kuma gudu. 'Yan tasha har suna tsokanarsa wai jaki na iya wuce shi. Sai ya ce, "Ya wuce mana, mu haɗu a kasuwa."

Hatsarin ya faru ne a kakar auduga, shekarar nan da sabulu da madara suka zama sai an bi layi. Da hantsi ne, ya ɗauko buhunan masara zai kai Funtuwa, ya wuce Bakori kaɗan. Wata babbar mota ta wani kamfanin jigila ta fito za ta wuce ta gabanta a daidai kwana, ta shigo hannunsa gaba ɗaya. Ya kauce iyakar kaucewa, amma ta kwashi gaban motar. Allah ya sa shi kaɗai ne a ciki. Aka zaro shi da karayar kafaɗa. Direban babbar motar, wani mai suna Jibo, ya diro yana salati yana kuka, ya ce a gaban 'yan sanda laifinsa ne, ba ya jayayya. Aka rubuta hakan. Inshorar Atu irin ta nuna wa ɗan sanda ce, ba ta biyan komai, amma ta kamfanin su Jibo babba ce, aka ce ita za ta biya.

Da hannu a rataye ya je ofishin inshorar a Funtuwa. Akawu ya karɓi takardar 'yan sanda ya ce, "Za a turo mai dubawa. Je ka jira." Abin da aka faɗa masa ke nan, ba ƙari. Ya samu tarakta ta jawo masa motar gida, ya zauna jira. Kaka ta wuce, rani ya raba, aka yi Ista. Duk komawar da ya yi sai a ce magana tana Kaduna. Rumbu ya fara ƙasa, aka sayar da awakin Rahab, Dorkas 'yarsu aka koro ta daga makarantar kwana.

To mutanen Unguwar Ɗorawa suna da wata al'ada. In san da ake noma da shi ya faɗa rami ya karye, ba a barin mai shi da asara shi kaɗai. Sai a kira Musulmi ya yanka don kowa ya iya ci, a kasa naman kashi-kashi, kowane gida ya ɗauki kashi ya biya fiye da abin da naman ya kai. Da haka mai sa zai samu abin sayen wani kafin ruwa ya sauka. Su watanda suke ce mata, ko da yake ba irin ta Sallah ba ce. Wanda aka yi wa ba ya roƙo, ba ya kuma ƙi. Ƙin karɓa kamar ka ce wa gari ba ka cikinsu ne.

Mudi ne ya kawo maganar. "Wa ya taɓa jin kamfani ya biya talaka? Sa ya faɗi, kuna zaune kuna kallo har ya ruɓe. Ku tashi mu yi abin da muka gada."

Wata Lahadi bayan an tashi daga coci, Musulmi kuma sun sallame azahar, gari ya taru. Aka ɗauko wani bakanike daga Kafur ya yi aikin mahauci. Kowa ya ɗauki abin da zai iya, har da waɗanda ba su san me za su yi da shi ba. Wani ya sayi madubi, wani fitila ɗaya, wata mata ta ɗauki murfin taya ta ce za ta riƙa ba kaji ruwa. Inno ta sayar da raguna biyun da take ji da su, ta ɗauki kashi mafi girma, don tun rasuwar Rabe shanunsa biyu ke tsaye ba abin ja. Atu bai iya fitowa ba ranar. Yana ɗaki yana jin ƙarar guduma, Rahab ce ta tsaya tana godiya. Da abin da aka tara aka mayar da Dorkas makaranta, aka sayi hatsi.

Ga shi yanzu, sararin gabas ya fara haɗa hadari, sai ga mai dubawa ya zo.

Malam Hussaini ya zauna a kan turmin da Rahab ta kifa masa, ya sha ruwan da ta kawo, sannan ya yi bayani a hankali. Kamfani in ya biya kuɗin motar da ta mutu, to gawar ta zama tasa. Zai ɗauke ta ya sayar wa masu kayan gyara, ya rage asara. Gaban motar nan ba shi da sauran amfani, abin da ke da daraja shi ne bayan da bai taɓu ba, shi ne kuwa babu.

"In na rubuta abin da na gani, manya a Kaduna za su ce ka sayar da mota kana neman a biya ka sau biyu. Ni na san ba haka ba ne. Ni ma ɗan ƙauye ne, ubana an taɓa yi masa irin wannan da saniya. Amma su ba su san watanda ba."

"Su zo mu koya musu," in ji Mudi.

"Kai dai rufe mana baki, sarkin gawayi," Atu ya ce, ba tare da ya dube shi ba. "Malam, yanzu mene ne abin yi?"

"Ka tattaro kayan. In na dawo na ga mota, ko a tarwatse take, in dai jikinta ya cika, zan rubuta ta cika. Ba zan kai rahoto ba sai bayan kasuwar Malumfashi mai zuwa. Iyakar abin da zan iya ke nan."

Bayan tafiyarsa Atu ya daɗe a zaune. Cikakken kuɗin nan shi ne kawai hanyar sake mallakar mota, ko da tsohuwa ce. Ba shi da wata auduga da zai jira, ba shi da ƙuruciyar da zai sake farawa. Rahab ta ce, "Baban Dorkas, ba sata ka yi ba. Je ka faɗa musu gaskiya. In an biya ka, ka mayar wa kowa abinsa."

Washegari ya fara zagaye, kunya kamar ta kashe shi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ba wanda ya yi masa musu. Malamin makaranta ya kashe rediyo ana tsakiyar labarai, ya kwance batir ya miƙa masa. Dattawan coci suka tashi tsaye, suka sa aka kai masa kujera har gida. Matar nan ta zubar da ruwan kaji, ta wanke murfin taya da toka. Kowa sai ya ce, "Haba, ai naka ne," kuma ba wanda ya tambayi kuɗinsa. Da sun yi faɗa da ya fi masa sauƙi.

Mudi kaɗai ya sama masa abin dariya. Ya fito da ganyen sifirin biyu da suka rage, ya jefa masa a gaban ƙafa.

"Sauran suna gonakin mutane. In kana so bi su kunya-kunya ka ƙwato. Ko in ɗaura maka garma a ƙarƙashin motar, ka ce wa nasaran Kaduna sabon samfuri ne?"

"Allah ya shirye ka, Mudi."

"Amin, tare da taubashina matsiyaci."

Gidan Inno ya bari a ƙarshe. Bai same ta a gida ba, aka ce tana gona. Tun daga nesa ya hango amalanken, shanun Rabe biyu na ja, an cika shi da takin turke. An yanke bodin an yi masa dogon hannu na icce, amma fentin bayan yana nan. Matar ɗanta ce ke korar shanun, don ɗan ya tafi ci-rani Kudu shekara biyu ke nan ba labari. Inno na biye da sanda, zani ɗaure a ƙirji. Rabin gonar an zuba taki tsibi-tsibi, rabi ko ba a fara ba.

Ta gan shi ta tsaya. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Na ji labari, ɗan nan," ta ce. "Tun jiya nake sa ido. Bari mu juye wannan, sai ka kwance abinka."

"Inno, aiki yake yi muku?"

"Aiki? Gonar liman mu muka kai mata taki, aka ba mu dawa. Masu gini mu ke kai musu ruwa. Bana dai ban miƙa wa kowa hannu ba." Ta gyara tsayuwa. "Amma wannan ba abin da zai hana ka ba ne. Ranar da Rabe ya cika a asibitin Malumfashi, wa ya kawo mini shi gida? A bayan nan ya kwanta. Kwance abinka, Atu. Mu a ka muka saba ɗaukar kaya."

Ya dubi kanta, furfura ce fat. Ya dubi sauran gonar, ya dubi gabas. Ruwa ba zai ƙara mako biyu ba. Ko an biya shi ya mayar mata da kuɗin ragunanta, ba za su sayi amalanke a wannan tsadar ba, kuma kafin kuɗin su fito damina ta yi nisa. Shi direba ne, ya san nauyin taki, ya san sawu nawa mace za ta yi da kwando kafin ta rufe gonar nan.

"Ni ba kwancewa na zo yi ba," ya ji bakinsa ya faɗa. "Tayar hagun nan na ga iskarta ta yi ƙasa. Ku aiko a karɓi famfo."

"Kar ka yi mini ƙarya, na girmi uwarka."

"To na fasa ne, Inno. An taɓa yin watanda a dawo a ce a ba da naman?"

Ba ta yi godiya ba, sai ta juya ta daka wa surukarta tsawa ta kora shanu, rana na yi.

Rahab ba ta ji daɗi ba, ba ta kuma ɓoye ba. Ta ce shekarun da ta yi a gaban kaskon ƙosai ba don amalanken wani ta yi su ba. Ya ce gaskiyarta ce. Ta yi kwana biyu tana ajiye masa tuwo ba magana. A na ukun, da zai tafi Funtuwa, ita ta fito masa da rigarsa ta zuwa coci a goge.

Bai jira Malam Hussaini ya dawo ba, shi ya same shi a ofis. Ya faɗa masa abin da ya samu da abin da ba zai samu ba.

"Ba zai samu ba, ko ba za ka karɓo ba?"

"Ba zan karɓo ba."

Malam Hussaini ya jinjina kai. Ya ce to saura hanya ɗaya: kamfani ya bar masa gawar gaba ɗaya, ya cire kimarta daga abin da zai biya. Shi kuma zai rubuta cewa ofis bai gargaɗe shi ya bar motar yadda take ba, don kar a ce zamba ce. Sannan ya faɗi kuɗin da suka rage.

"Albarka," in ji Atu.

Malam Hussaini ya yi murmushi. "Malam Atu, nan ba kasuwar kara ba ce."

"Ko'ina aka sa wa abu kuɗi kasuwa ce. Albarka."

Suka shiga ciniki. Malam Hussaini ya ce su da shekarun mota suke lissafi, kowace shekara darajarta na raguwa. Atu ya ce wannan a da ne. Yanzu mota ba ta shigowa, tsohuwa ta fi kuɗin da aka saye ta sabuwa, a je bakin tasha a tambaya. Malam Hussaini ya ce ya sani, shi ma babur ɗinsa haka ne, amma ba shi ya kafa dokar ba. Atu ya kawo maganar sababbin tayoyin da ya sa kafin kaka, da masarar da ta zube a titi, da kuɗin tarakta, da watannin da ya yi zaune. Aka karɓi tayoyin gaba da tarakta da masara, aka ƙi watannin. Malam Hussaini ya shiga wurin manaja, ya fito, ya sake shiga. Da ya fito na biyun ya zauna ya tura hula ƙeya.

"Nan ne ƙarshen ƙarfina. In ba ka yarda ba kana da iko ka ɗauki lauya ku je Kaduna. Mai yiwuwa ka samu fiye da haka, amma ba bana ba, ba na kuma ce baɗi ba."

Atu ya auna a ransa. Kuɗin ba za su sayi a-kori-kura ba, ko wadda ake turawa. Da bayan motar na nan, da ya lallaɓa ya kai. Za su dai biya wa Dorkas makaranta har ta gama, su mayar wa Rahab awakinta, a samu na taki. Abin da ya yi rabin rayuwarsa yana nema ya tafi ke nan.

"Na sallama," ya ce.

Ya sa hannu a inda aka nuna masa, a hankali, harafi bayan harafi. Malam Hussaini ya rako shi har bakin ƙofa, ya riƙe hannunsa bai saki da wuri ba.

"Ka yi haƙuri, baba. Da tun farko an faɗa maka."

"Da an faɗa mini ma ban san yadda zan hana su ba," in ji Atu. "Sai dai kayan da na karɓo zan bi in mayar. Malamin makaranta ya kwana biyu bai ji labarai ba."

"Yanzu sai gida?"

"A'a, tasha. An ce wani Alhaji ya sayo bas yana neman direban da ba ya gudu. Bari in je kafin a ba wani."

Ya gyara rigarsa a kafaɗar da ke ciwo, ya tsaya wata motar auduga ta wuce, sannan ya tsallaka titi ya nufi tasha.